Hawa Da Saukar Kuɗin Katako Da Siminti: Abin Da Ke Mai Da Gine-ginenmu Kangaye

Duk wanda ya fita bayan gari a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Bauci, ya bi ta sababbin unguwannin da aka yanka filaye, da wuya ya yi tafiyar minti biyar bai ga gidan da aka soma aka bari ba. Wani an ja shi har linta an tsaya. Wani an ɗaura katakon rufi amma ba a buga kwano ba, damina biyu ko uku ta bi ta kansa har katakon ya yi baƙi ya lanƙwashe. Ciyawa ta fito cikin ɗakuna, awaki sun mai da falo wurin kwana. In ka tambayi maƙwabta ina mai shi, amsar kusan ɗaya ce ko'ina, watau yana nan lafiya lau, kaya ne suka tashi suka bar shi.

Galibin masu waɗannan kangaye sun yi lissafinsu kafin su sa hannu. Sun zauna da birkila da kafinta, an ƙidaya bulo, an ƙidaya buhun siminti da bandir na kwano, an ce kuɗin zai kai kaza, suka duba aljihu suka ga za su iya. Da tsada ce kaɗai, da abin ya zo da sauƙi, domin in mutum ya san buhu kaza ne bana kuma kaza ne baɗi, sai ya rage ɗaki ɗaya, ko ya ƙara shekara guda yana tari, ya yi daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ke karya mai gini shi ne farashin da ba ya zama wuri ɗaya. Gini aiki ne na watanni, wani lokaci na shekaru, ana yin lissafinsa ranar farko amma ana biyansa har ranar ƙarshe. Idan kasuwa ta motsa tsakanin ranakun nan biyu, to, lissafi ya tashi a banza.

DAGA KURMI ZUWA 'YAN KATAKO

Bari mu fara da katako, tun da shi ne ya fi yin tafiya mai nisa kafin ya iso hannunmu. Yawancin katakon da ake rufi da shi a Arewa daga kurmin Kudu yake zuwa, daga dazuzzukan jihohin Edo da Ondo da Ogun da Kuros Riba, sai kuma wanda ake samowa daga ɓangaren Taraba. A can ake sare itacen, a ja gungumen zuwa injin tsaga, a fitar da falanki da tubayitu da tubayifo, a ɗora wa tirela ta yi kwana da kwanaki a hanya kafin ta sauke a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano ko sauran irinta a manyan garuruwanmu.

Mai karatu zai ga cewa kowane zango na wannan tafiya ƙofa ce da tsada ke iya shigowa ta cikinta. Injin sarewa fetur yake sha. Injin tsaga kuwa, in babu wutar lantarki, sai an tayar da janareta. Tirela man dizal take ci, kuma a shekarar 2022 kaɗai kuɗin dizal ya ninka fiye da biyu a ƙasar nan. Ga kuɗin takardar izni na ma'aikatar gandun daji, ga haraji iri iri da ake karɓa a shingayen hanya, kuma duk abin da direba ya biya, a ƙarshe kan mai sayen falanki yake sauka.

Har ila yau akwai hukuncin yanayi. Da damina ta sauka a Kudu, hanyoyin cikin kurmi sukan zama laka, motar gungume ba ta iya shiga, katako ya yi ƙaranci. Daidai wannan lokaci ne kuma iskar farkon damina ke yaye rufin gidaje da makarantu a nan Arewa, jama'a su yi ca a kan kwano da katako da ƙusa. Kaya sun ragu, masu nema sun ƙaru, ba sai an gaya wa mai hankali inda farashi zai nufa ba.

Waɗannan duka masu zuwa ne su wuce. Babbar damuwa ita ce kurmin kansa yana ƙarewa. Akwai zamanin da garin Sapele ya shahara a duniya saboda katafaren injin tsaga da masana'antar filawud ta kamfanin AT&P, Nijeriya na sayar wa Turai katakon loko da madaci da sauran itatuwa masu daraja. Amma tun shekarar 1976 Gwamnati ta ga ya wajaba ta hana fitar da gungume waje don a bar wa gida. A 2008 Jihar Kuros Riba ta hana saran itace a dazuzzukanta, haramcin ya yi shekara goma sha. Daga baya kuma aka shiga rububin madobiya, aka yi ta kwasarta daga Taraba da maƙwabtanta ana kai wa ƙasar Sin, har a 2018 hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun dajin da ke neman ɓacewa ta dakatar da cinikin madobiyar Nijeriya. Shi ya sa tsofaffin kafintoci ke kukan cewa katakon yanzu ɗanye ne, na ƙananan itatuwa, ga shi ba ya cika awo. Abin da ake kira inci biyu, in ka sa ma'auni sai ka tarar bai kai ba. Wannan ma wani ƙarin farashi ne da ba a faɗa da baki.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Kada a ɗauka mu kaɗai ne wannan cuta ke kamawa. A Amurka yawancin gidajen zama da katako ake tayar da su tun daga bango har rufi, saboda haka farashinsa a can kamar farashin siminti ne a wurinmu. Suna da awon da suke ciniki da shi, watau falanki mai tsawon ƙafa ɗaya, faɗin ƙafa ɗaya, kaurin inci ɗaya, kuma ana faɗin kuɗin guda 1,000 ne gaba ɗaya.

Kafin annobar korona, guda 1,000 ɗin nan wajen Dala 400 ne. Da annoba ta ɓarke a 2020, masu injinan tsaga suka zaci gini zai tsaya cik, suka rage aiki suka sallami ma'aikata. Ashe sun yi kuskuren lissafi. Mutanen da aka kulle a gida suka shiga gyare-gyare da ƙarin ɗakuna, kuɗin ruwa na bashin banki kuma ya faɗi ƙwarai, kowa ya tashi neman gida. Nan da nan katako ya yi tashin gwauron zabo, har a watan Mayu na 2021 ya kai wajen Dala 1,700. Ƙungiyar maginan gidaje ta ƙasar ta ƙiyasta a lokacin cewa tsadar katako ita kaɗai ta ƙara kusan Dala 36,000 a kan kuɗin matsakaicin sabon gida. Magina da yawa suka jinkirta aikin da suka riga suka karɓa, waɗansu suka koma sa sharaɗi cikin yarjejeniya cewa in katako ya tashi mai gida ne zai cika.

To, ga inda darasin yake. Ba a yi wata huɗu ba, cikin Agusta na wannan shekara, farashin ya rikito ƙasa da Dala 500. Ya sake hawa ya wuce Dala 1,000 a farkon 2022, sa'an nan da babban bankinsu ya ƙara kuɗin ruwa, gini ya ja baya, kafin ƙarshen shekara ya komo kusa da inda ya taso. Wanda ya cika sito da katako a watan Mayu don tsoron gobe ya tafka hasara, wanda ya karɓi kwangila da tsohon farashi kafin Mayu shi ma ya tafka. Watau hawan ya ci waɗansu, saukar ta ci waɗansu.

Amma duk da haka su sun ga sauka, domin abin da ya tayar musu da farashi ƙarancin kaya ne na ɗan lokaci, da injina suka koma aiki sai kasuwa ta daidaita. Mu a nan abin da ya fi tayar da namu shi ne faɗuwar darajar Naira da tsadar mai, su kuwa in sun motsa ba safai suke komawa baya ba. Dalili ke nan da ya sa kaya a kasuwarmu in sun hau taki goma, in an yi sa'a su sauko taki biyu ko uku su tsaya nan.

TARIHIN SIMINTI A ƘASAR NAN

Siminti kuwa ya daɗe yana wasa da hankalin Nijeriya. An buɗe masana'antar Nkalagu a 1957, ta Ewekoro a 1960, ta Sakkwato da ke Kalambaina cikin shekarun 1960, ta Ashaka a 1979, ta Gboko kuma a 1980. Amma shekara da shekaru abin da suke fitarwa bai ishi ƙasa ba, sai an shigo da ƙari daga waje.

Dattawa ba za su manta da abin da ya faru a 1975 ba. Kuɗin man fetur ya shigo, an yi ƙarin albashi na Udoji, kowace ma'aikata tana son ta gina bariki da ofis da hanya. Sai hukumomin Gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali kuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko, watau Legas, abin da take iya saukewa na siminti a shekara bai wuce tan miliyan ɗaya ba. Jirage fiye da 400 suka yi jerin gwano a bakin teku wata da watanni, ana biyan masu su kuɗin jira kowace rana, simintin da yawa ya sha danshi ya daskare cikin jirgi. Da Janar Murtala Muhammed ya hau mulki cikin watan Yuli na shekarar, ya tsayar da odar, ya sa Mai Shari'a Belgore ya binciki al'amarin. Cunkoson nan na cikin abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Abin mamaki, siminti na jibge a kan ruwa, amma mai gini a cikin ƙasa yana nemansa ido rufe.

Bayan wannan sai guguwar ta juyo ta wata fuska. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo a 1979 da niyyar gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara don masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasin, kayan gini suka yi wuya, ba a kai ko rabin abin da aka yi niyya ba. A 1986 kuma aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida, Nairar da ke kafaɗa da kafaɗa da Dala ta koma wajen huɗu a Dala ɗaya cikin ɗan lokaci. Duk kwangilar da aka rattaba wa hannu da tsohon lissafi ta zama takardar banza.

Daga 2002 Gwamnati ta ɗauki manufar cewa sai wanda ya kafa masana'anta a gida za a ba iznin shigo da siminti. Manufar ta yi amfani, domin an sami manyan masana'antu a Obajana da Ibese da Okpella, aka faɗaɗa ta Sakkwato, har ƙasar ta kai ga fitar da siminti zuwa maƙwabta. Sai dai kasuwar ta taru a hannun kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge, kuma ko da yake dutsen da ake ƙonawa namu ne, injina da kayan gyaransu da Dala ake sayensu, iskar gas ɗin da ake hura wuta da ita ma da lissafin Dala ake yi mata kuɗi.

An ga sakamakon haka a 2023 da 2024. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta koma wajen 500. Cikin Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, daga wajen 460 a Dala ɗaya ta yi ta gangarawa har ta wuce 1,500 a Fabrairu na 2024. Buhun simintin da ake saye Naira 5,000 da ɗoriya a ƙarshen 2023 ya wuce 10,000 a wurare da dama cikin 'yan makonni. Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya zauna da masu masana'antu a watan, suka kawo kukansu na tsadar gas da kuɗin fito da lalacewar hanyoyi da fasa-ƙwauri, aka tashi a kan cewa buhu mai kilo 50 ya tsaya tsakanin Naira 7,000 da 8,000. Mai karatu ya lura, ko saukin da aka sanar ya ɗara tsohon farashi nesa ba kusa ba. Rodi da kwano da fenti da wayar lantarki duk suka bi sahu, tun da ƙarfen Ajakuta da aka soma ginawa tun ƙarshen shekarun 1970 bai kai ga wadatar da mu ba, masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuma suka durƙushe.

WANDA ABIN KE CI

Na farko shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai gina gidan kansa da guminsa. A misali, a ce an ƙiyasta masa buhu 200 na siminti sa'ad da buhu ke Naira 5,500, watau Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari. Ya sayi 80 ya yi harsashi ya fara jera bulo. Kafin adashinsa ya zagayo, buhu ya zama 10,000. Buhu 120 da suka rage, waɗanda ya ware wa Naira 660,000, yanzu suna neman miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, fiye da kuɗin da aka ce masa zai ishi simintin gidan duka. Albashinsa kuwa yana nan inda yake, ga kuɗin haya yana biya a gidan da yake zaune.

Wani zai ce me ya hana shi sayen kayan duka tun farko ya ajiye? Ko da yana da kuɗin, ba kowane kaya ke ajiyuwa ba. Siminti in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, in kuwa danshi ya taɓa shi ya zama dutse. Ɗanyen katako in ba a jera shi daidai a inuwa ba sai ya karkace, ga gara tana jira. Ga kuma ɓarayi, sai an ɗauki mai gadi. Ginin da aka tsayar ma ba ya jiran mai shi kyauta, domin ruwa na cin bulon da ba a shafe ba, rodin da aka bari a waje yana tsatsa, ranar da aka dawo sai an fara biyan kuɗin gyaran abin da aka riga aka biya.

Na biyu su ne masu sana'ar hannu. Ranar da mai gida ya ce a dakata, birkila da kafinta da lebura da mai tura ruwa da mai tifar yashi da mai sayar musu da abinci a bakin aiki duk sun rasa na cefane. Waɗannan mutane ne masu ci daga hannu zuwa baki, ba su da fansho, ba su da wani wurin kai kuka.

Na uku ɗan kwangila. Ya ci kwangilar ajujuwa shida ko ɗakin shan magani da farashin watan Janairu, takarda ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, ba a ba shi kuɗin kafin alƙalami ba sai watan Yuni. Dokar sayen kayan Gwamnati ta 2007, a lokacin da aka kafa ta kafin a yi mata gyara, ta ƙayyade wannan kuɗi a kan kashi 15 cikin 100 na kwangilar, sauran sai ya yi aiki an duba an biya. In ya je banki, ya tarar da kuɗin ruwa mai nauyi, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin 100. Manyan kwangiloli sukan ƙunshi sharaɗin sauyin farashi, wanda ke ba da damar a sake lissafi in kaya sun motsa. Ƙananan kwangiloli na jihohi da ƙananan hukumomi galibi ba su da shi. Saboda haka hanya uku ce ta rage wa ɗan kwangila: ya cika daga aljihunsa ya karye, ko ya gudu ya bar aiki, ko ya rage kaya.

A 2011 kwamitin da Shugaban Ƙasa ya naɗa ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Bunu ya ƙidaya ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da aka soma ba a gama ba. Gaskiya ne ba farashi kaɗai ya jawo wannan ba, akwai sakaci da son kai da sauyin gwamnati. Haka kuma wajibi ne a faɗa cewa neman ƙarin kuɗin kwangila da sunan tashin kaya ya zama ƙofar cin amana ga waɗansu, kaya su tashi da kashi ashirin a nemi ƙarin kashi ɗari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jinkirin biya da rawar farashi su ne tsagar.

ARAHA BA TA ADO

Hanya ta uku, watau rage kaya, ita ce ta fi ban tsoro, domin ba a ganinta ranar buɗe gini. Magina na gari sun san buhu ɗaya bai kamata ya fitar da bulo mai inci tara fiye da talatin ba, amma da siminti ya tashi sai ka sami mai buga bulo yana fitar da arba'in ko fiye, irin wanda za ka murƙushe da hannu. Inda injiniya ya rubuta rodi mai milimita 16 sai a sa mai 12. A tsawaita tazarar katakon rufi, a bar shafa maganin gara, a sayi kwano mai kaurin takarda. Fenti ya rufe duka. Sai bayan shekara biyu ko biyar iska ta ɗauke rufin aji, ko dakalin bene ya tsage, ko kuma, Allah Ya kiyaye, gini ya rufto wa mutane. Kowace rushewa da nata sanadi, amma rahotannin masu bincike sun sha ambaton raunin kankare da ƙarancin rodi. Kuɗin da aka ce an tsimi a wurin nan da rayukan bayin Allah ake biyansa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga Gwamnati, babban taimakon da za ta yi wa mai gini shi ne ta riƙe darajar Naira ta zauna wuri ɗaya. Ƙayyade farashi da baki ba ya aiki, an gwada shi da hukumar ƙayyade farashi cikin shekarun 1970, kaya suka ɓace daga kanti suka koma bayan fage. Abin da ke saukar da farashi shi ne yawan masu yin kaya da sauƙin kai su kasuwa, saboda haka a buɗe wa sababbin masana'antu ƙofa, a gyara hanyoyi, a mai da dakon siminti da katako kan jirgin ƙasa, a kuma share shingayen karɓar kuɗi barkatai. Kada a ba da kwangilar da babu kuɗinta a ƙasa, in an yi aiki a biya kan kari, kuma a sa sharaɗin sauyin farashi a fili bisa jadawalin da hukuma za ta riƙa bugawa kowane wata, yadda in kaya sun tashi a ƙara wa ɗan kwangila daidai gwargwado, in sun sauka a rage.

Batun katako kuwa maganinsa shuka. Malaina da tik da turare suna yi a wurare da yawa na ƙasar nan, kuma tsofaffin gandayen dajin da En'e ta killace suna nan an bar su ga masu gawayi. Jihar da ta dasa bana, 'ya'yanta za su yi rufi da nasu nan da shekara goma sha biyar ko ashirin.

Ya kamata kuma mu waiwayi abin da muka gada. Kakanninmu sun yi gini da tubali, suka yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cinta da sauƙi, suka shafe da makuba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin ƙarni na 19, babu buhun siminti ko ɗaya a ainihin gininsa, kuma bakan-gizonsa har yau masana gini na duniya suna zuwa kallo. Ba a ce kowa ya koma ginin ƙasa irin na da ba, giginyar ma ta yi ƙaranci. Amma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da nuna yadda ake matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan a fitar da bulo mai ƙarfi, mai sanyi da bazara. Jan bulo na ƙonawa shi ma an yi masana'antunsa a Jos da Kaduna da Kano. Da Gwamnati za ta fara gina makarantunta da asibitocinta da irin waɗannan, da jama'a sun daina ganinsu kayan talaka. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarmu dai ba ruwanta da Dala.

Ga mai ginin kansa, shawarar da gogaggun magina ke bayarwa ita ce ya yanka aikin zango zango, kowane zango ya zama mai iya tsayuwa da kansa. Gara ɗaki biyu da aka rufa aka shiga da ɗaki shida da aka bari a linta. Kada ya ɗaura katako sai kwanon yana hannu. Ya fara sayen abin da ke ajiyuwa, irin su rodi da kwano da ƙusa, ya bar siminti sai ana gobe za a yi aiki da shi, katako kuma ya saya da rani ya bar shi ya bushe. Ya ware wani abu a gefe saboda tashin kaya, ya rubuta yarjejeniya da birkilansa a gaban shaidu, a bayyana wanda zai ɗauki ƙari in kasuwa ta motsa, domin zumunci da yawa ya lalace a kan wannan. In kuɗi ya gaza, ya rage faɗin gida, kada ya taɓa rage ƙarfinsa.

Muhalli na cikin manyan buƙatun ɗan Adam, kuma magidancin da ya kwashe shekara goma yana tara kwabo da kwabo ya cancanci ya san abin da tarinsa zai saya masa. Muna fata hukumomin da abin ya shafa za su dubi wannan al'amari da idon basira. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba masu kangaye ikon rufa su.